Hujin Bakin Zane

Tun ƙafarsa ba ta kai matakin saƙa ba Kalimullah Ansari ya fara zama a ramin masaƙa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana saƙa sari, dogon zanen alharini da mata ke naɗawa, a wani lungu na birnin Banaras. Zane ɗaya kan ci masa kwana goma sha takwas. Kowa a garin ya san yadda ake gane aikin hannu: sandar da masaƙi ke ɗame zane da ita tana da 'yan ƙusoshi, su ke barin ƙananan huji a bakin zanen. Inji ba ya barin su.

Bana zane uku ya kai rumfar Girdhari Lal, dillalin da ke sayar masa, ko ɗaya bai fita ba. Girdhari ya ba shi shayi, ya ce inji na fitar da irinsu a yini guda, masu saye kuwa hujin kawai suke dubawa. Sannan ya turo masa tarin zannuwan inji da allura.

"Ustad, babban gwani, in wani ya huda sai hujin su fito a jere kamar sojoji. Kai ka san inda hannu ke kaucewa."

Ladan hudar yini ɗaya ya fi na saƙar mako. Kalimullah ya ce zai yi shawara.

Ya gaya wa matarsa Shabnam, yana fatan ta hana shi. Ta karkata masa tulun garin alkama ya ga gindinsa.

"Mai hannun zinariya, hannun za mu gasa mu ci?"

Ta saba tsokanarsa da sunan nan, amma yau ba ta yi dariya ba.

Ya leƙa ƙungiyar masaƙa, aka ce takardar shaidar aikin hannu tana hanya. Tun bara take hanya.

Yanzu bayan labulen rumfar yake yini, yana huda. Aikin na fita da kyau, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ran Alhamis ya ji wata mata tana zaɓen zanen bikin 'yarta. Ta ɗaga nasa na hannu a haske, ta ɗaga na injin da ya huda jiya.

"Wannan zan ɗauka," in ji ta. "Wancan hujinsa bai yi kama da na gaske ba."

Aka ninke nasa aka mayar kan kantar rumfar. Kalimullah ya goge allurar a hannun rigarsa, ya jawo zane na gaba.