Kawu Labbo da Gaurakin Fadamar Badarawa

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar ƙanen mahaifiyata, Kawu Labbo na Ƙauran Namoda. Tun farko ina neman afuwa: ban rubuta komai ba a lokacin, kuma mai yiwuwa zuciya ta haɗe mini wata damina da wata. Abin da na tabbatar zan faɗa, inda nake kokwanto zan nuna.

Kawu malamin daji ne tun muna cikin Jihar Sakkwato. Da aka ƙirƙiro Zamfara sai aka ba shi kujera a ofis a Gusau. Bai daɗe ba ya ajiye aikin. Dangi sun ce ya yi wauta, ni ma, ina sabon gama jami'a ina neman irin kujerar da ya bari, haka na gani. Ya koma tashar mota wurin wani mai zanen bayan manyan motoci, ya koyi haɗa fenti, ya shiga zana tsuntsaye a kan farin yadin alawayyo.

Ashe ruwa ba ya tsami banza. A wancan zamani attajiri ba ya jin gidansa ya cika sai gauraka biyu na taƙama a tsakar gida. Masu tarko kan ɗebo 'ya'yan daga fadamar Badarawa da damina, a fige musu fiffike, a kai kasuwar Shinkafi. Kawu ya ce gauraka ba ta hayayyafa a gidan mutum, don haka kowace aka saya, zuriya ce aka yanke. Dabararsa ita ce ya riga mai tarko isa wurin mai saye. Ya kai zane kyauta, a rataye a zaure, bisa alkawarin ba za a sayi mai rai ba. Gidaje da dama sun karɓa, ko da yake ba zan iya cewa duka sun cika alkawari ba.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. A nan ina so in yi taka-tsantsan. Iyakar sanina, babu hukumar da ta hana Kawu zane, babu wanda ya tsare shi. Mutane ne kowa ya shiga duba gidansa, abin da kuwa ba laifi ba ne. Wani dillalin shanu na Moriki, Alhaji Mamman, ya dawo da nasa zanen naɗe cikin tabarma, ina zaune.

"Malam Labbo, ga kayanka. An ce mala'iku ba su shiga gidan da ke da surar mai rai."

"To Alhaji, mi za ka sa gurbinta?"

"Ta gaske mana! Ita ai ba wanda yac ce haram ce."

Kawu bai yi musu ba, don mutum ne mai tsoron Allah. Ya hau mota zuwa Zurmi wurin wani tsohon malami. Yadda ya ba ni labari, malamin ya ce akwai saɓani a kan zanen da ba shi da inuwa, wato wanda ba sassaƙa ba, amma abin da ba shi da rai babu gardama a kansa. Daga nan Kawu ya daina zana tsuntsu. Sai ya zana ruwan fadama da ciyawa, da sawun ƙafa a taɓo, da gashi guda da ya faɗi. Na ce masa, "Kawu, wa zai rataye hoton taɓo?" Ya ce, "Ɗan nan, wanda yas san sawun, shi ya ga tsuntsun." Gaskiya kaɗan ne suka karɓa, amma da babu gara ba daɗi.

Alhaji Mamman kuwa ya sayi gaurakinsa biyu. Kafin kaka ta yi, ɗaya ta mutu, ɗayar ta ƙi cin abinci, tana ta kuka har matan gida suka kasa jurewa. Shi da kansa ya kawo ta. Ya ce, "Karɓe ta, kar Allah ya tambaye ni." Kawu ya riƙe ta a bayan gida har gashin fiffikenta ya fito, sannan wasu Fulani abokansa suka raka shi fadama ya sake ta. Ba na wurin. Ya ce ta tashi, amma bai taɓa ce mini ta rayu ba, ni ma ba zan ƙara a kan abin da ya faɗa ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce yau. Hanyoyin da yake bi a kan keke sun gagari manomi da makiyayi saboda rashin tsaro, 'ya'yan waɗancan Fulani da dama sun watse. Wani ya ce mini ƙila tsuntsayen sun samu sarari tunda masu tarko ma ba sa shiga. Ba na jin Kawu zai yi murna da wannan. Bai taɓa son dajin da babu mutane a ciki ba. So yake mutum ya ga abu mai kyau ya bar shi inda ya gan shi.

Ko ya ci nasara? Ban sani ba, kuma ina jin nauyin in ce eh don kawai kawuna ne. Abin da zan iya shaida shi ne, har Alhaji Mamman ya rasu bai sake sayen gauraka ba, 'ya'yansa ma ban ji sun saya ba.

Duk wanda ya san Kawu ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko da gyara ta hannun wannan jarida. Roƙona na musamman ga mutanen Badarawa ne, na gida da waɗanda suka yi hijira: idan akwai wanda ya ji kukan gauraka a fadamar nan a daminar bana, ya sanar da ni. Idan kuma shiru ne, shi ma a faɗa mini. Allah ya jiƙan Kawu Labbo.