Mai Ɗinki da Malamar Makarantar Lahadi

Mai Ɗinki ta shekara ashirin da biyu a kan keken ɗinki, kuma duk rigunan mawaƙan cocinsu ita ta yanka su. Mace ce mai hannun kyauta, sai dai ba ta mantuwa. In ka taka ta yau, ko bayan shekara bakwai ka kawo gyaran wando sai ta tuna maka ranar.

Tarbiyyar 'yarta ma da salonta. Ba ta hana yarinyar kallon finafinan nan na masu sandar sihiri. Zama take yi kusa da ita tana ɗinka maɓalli, in an zo wurin tsafi ta tsayar da fim ɗin, ta tambaye ta wa ya ba mutumin nan iko, kuma me Littafi Mai Tsarki ya ce a kai. Sai ta amsa sannan a ci gaba. A ganinta gara su kalla tare da a kalla a bayan idonta.

Yayar mijinta, malamar makarantar Lahadi, ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. Wata Lahadi yarinyar, 'yar shekara tara, ta ɗauki sandar nuna allo ta kaɗa wa ƙawarta da wasa. Malama ta ja kunnenta har taron mata, ta tsayar da ita a gaba, ta ce a ga abin da ke fitowa daga gidan da aka buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Nan take ta cire ta daga mawaƙan yara. Mai Ɗinki ta ninke rigar waƙar 'yarta ta mayar wa coci. Amma ta ƙullaci matar nan, ta rantse sai ita ma Malama ta tsaya inda 'yarta ta tsaya.

Wata biyar tana jira. Sai ga 'yar Malama, mai shekara goma sha uku, ta zo awon riga. Ana cikin awo ta fashe da kuka. Ashe duk finafinan nan tana kallonsu a wayar uwarta idan uwar ta kwanta hutun rana, ɗaya ya tsorata ta, ga shi ba ta da wanda za ta tambaya. Ta roƙi kada a faɗa. Mai Ɗinki ta share mata hawaye, ta amsa tambayoyinta tsaf, amma cikinta fari ƙal.

A taro na gaba Malama na tsakiyar koyarwa kan tsare yara daga sihiri, Mai Ɗinki ta miƙe.

"Yaya, laifi tudu ne. Buɗe mana wayarki, ki karanta wa mata abin da aka kalla a makon nan."

Malama ta buɗe da ƙarfin gwiwa, ta fara karantawa, a fim na uku ta tsaya. Goma sha huɗu ne. Mai Ɗinki ba ta bar ta ta zauna ba sai da ta kai ƙarshe, sannan ta faɗi wanda ya kalla. Ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba. Kafin wata ya ƙare Malama ta ajiye koyarwa, aka mayar da 'yar Mai Ɗinki cikin mawaƙa.

Lahadin da 'yarta ta koma waƙa, Mai Ɗinki ta ci karo da 'yar Malama a bakin ƙofar coci. Yarinyar ta rame, mata na nuna ta da baki. Ta gaishe ta da ladabi kamar kullum, sannan ta ce a hankali, "Anti, duk duniya ke kaɗai na gaya wa."

Yarinyar ta wuce ciki, ta zauna a layin baya ita kaɗai.