Kiran da Malama Saratu ta tsara wa kawuna

Jama'a, wannan labarin ba ji na yi a bakin wani ba, da ni ya faru, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Gwadangaji, nan Birnin Kebbi, muna kula da wata manhaja da ke kiran manoman shinkafa na Argungu da Gulma a waya, ta saka masu murya tana tuna masu ranar ban-ruwa da ranar zuba taki, tunda yawancinsu ba karanta saƙo suke yi ba. Ayyukan manhajar iri biyu ne, kuma duk a bayan fage suke gudana babu mai danna komai. Akwai masu maimaituwa, kamar kiran duk safiyar Alhamis, akwai kuma na sau ɗaya, wanda za ka sa masa rana da lokaci, in lokacin ya yi ya tashi ya yi aikinsa ya ɓace.

Wadda ta gina tsarin nan ita ce Malama Saratu, 'yar Augie, kuma muryarta ce manoma ke ji. Kai, baiwar Allah nan ta san aiki! Kiranta ba ya shiga lokacin salla, kuma da lokutan salla sun motsa sai tsarin ya bi su. In babu sabis a fadama sai ya haƙura ya sake gwadawa an jima, in mutum ya ɗauka kuwa ba ya ƙara damunsa. Da azumi kiran yakan koma bayan hantsi don mutane su samu barci. Ni da nake ganin na iya kwamfuta, in na buɗe aikinta sai in ji kamar ɗan aji ɗaya. Ta rasu bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙanta, aka damƙa mini tsarin.

Kamar shekara biyu da rasuwarta, ƙarshen noman rani, oganmu ya sa ni share tsofaffin ayyukan da ke jiran lokacinsu. Ina cikin sharewa sai na ci karo da wani na sau ɗaya, ita ta sa shi da hannunta tun tana raye, kuma washegari da hantsi zai tashi. Mutum ɗaya tak zai kira, kawuna Umaru na Gulma. Na yi ƙoƙarin sauraron muryar, ta ƙi buɗuwa. Na nuna wa oga, ya ce, "Goge shi mana, tsohon aiki mi za ya yi muna?" Na ce, "Oga, tun da nike ban taɓa ganin Malama ta aje abu banza ba." Ya ce to ni na sani, sai na bar shi.

Washegari da hantsi sai ga wayar Kawu. A lokacin ya yanke shinkafarsa duka ya tara a fadama yana jiran masu sussuka, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Ya ce, "Kai ɗana, wagga yarinya taku ta kira ni, tac ce, 'Alhaji Umaru, ka kwashe shinkahwarka daga hwadama yau, kada ka bari ta kwana.' Mi kunka gani?" Na leƙa waje, sama tas, rana kamar ta fasa kai. Na ce, "Kawu, ni ban ga komi ba, amma in Malama ce tac ce, ka kwashe." Ya yi ta mita, amma ya nemo amalanke da mutane, maƙwabtan gonarsa na yi masa dariya wai waya ta fara noma.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa a farkon damina ba. Kafin gari ya waye fadamar ta zama tafki. Waɗanda suka yi dariya sun yi asarar da ba na son tunawa, Kawu kuwa ko dami ɗaya bai rasa ba.

Sai da murna ta lafa sannan na tuna yadda ta kira shi. Alhaji ta ce masa. Jama'a, Kawu bai je Makka ba sai shekara guda bayan an binne ta, kuma har ranar da aka kira shi, sunansa a manhajar Malam Umaru ne. Na koma in nemo muryar, aikin ya ɓace kamar yadda na sau ɗaya ke ɓacewa. Ni dai na san mamaci ba ya dawowa, kuma gaibu Allah kaɗai ya san shi, amma na rasa yadda zan fassara wannan.

Shawarata gare ku masu gadon aikin wasu, kada ku yi gaggawar goge abin da ba ku gane ba, musamman in mai shi mutumin kirki ne. Da na ci gaba da dubawa na tarar da sauran aiki ɗaya da ta bari, ranarsa ba ta zo ba tukuna, kuma lambata ce a kai. Na bar kamfanin tuni, amma na roƙe su kada su taɓa shi, kuma har yau ban canza layi ba.