Bangon Mwana Esha

Ba don Famau Lali ba, da tsohon garin Lamu ya daɗe da zubewa cikin teku. Haka ake faɗa a unguwarmu, kuma wanda ya fi kowa faɗa shi ne Famau.

Magini ne, ɗan magini. Yakan ƙona dutsen murjani ya fitar da farar ƙasa, ya jiƙa ta a rami shekara guda kafin ya yarda ta taɓa bango. Siminti kuwa, in ji shi, yana kulle danshi a cikin dutse har ya ruɓe daga ciki. Gaskiyarsa ce. Sai dai da sanda yake yin bayanin. A shekara talatin ya fasa kan mutum bakwai, biyu daga ciki surukansa ne.

Sai bangon maƙwabciyarmu Mwana Esha ya tsage. Bangon ɗakin ciki ne, mai alkuki sama da ɗari da aka sassaƙa tun zamanin kakanni, inda ake zaunar da amaren gidan. Saura wata biyu damina. Famau ya zo, ya lashi bangon don ya ji gishirinsa, ya ce farar ƙasarsa sai nan da wata bakwai.

"Baba Famau, ruwan sama zai jira ka ne?" in ji Mwana Esha.

"Bango ya yi shekara ɗari uku a tsaye, ke wata bakwai ne ya gagare ki?"

Ƙanenta Shee, wanda ya zauna a Mombasa har ya koyo gaggawa, ya ɗoro buhun siminti biyu a kan jaki. Suka yi kiciɓis da Famau a lungun bayan masallaci, bayan la'asar.

"Kai ɗan birni, mene ne wannan?"

"Garin tuwo ne, Baba. Matsa mu wuce."

"Tuwon uwarka?"

"Na yayata dai. Ita ce za ta kwana a ƙarƙashin bangon, ba kai ba, tsoho mai lasar bango!"

Lungunanmu ba sa barin mutum ya wulwula sanda ta gefe. Daga sama ta Famau take saukowa. Ta farko ta tsaga goshin Shee, ta biyu ta karya masa ƙashin kafaɗa, muna ji daga shagon shayi. Shee ya yage bakin buhu da hannu ɗaya, ya damƙi siminti ya watsa wa Famau a ido, sannan ya gabza masa karo da kai ya zubar masa da haƙora uku. Jaki ya rasa ta inda zai juya, ya harbi wanda ya fi kusa. Ƙugun Famau ya tashi aiki.

A kwance, ba ya gani, jini na cika masa baki, Famau ya lalubo wuƙarsa ya farke buhunan da suka faɗo daga kan jakin, ya tuttura simintin cikin kwata da tafin hannu. Sai da ya gama ya suma.

Daga gadon asibiti ya aiko wa maginan garin da saƙo: duk wanda ya taka gidan Mwana Esha kafin ya tashi, ya fara yin sallama da iyalinsa. Maginan Lamu mutane ne masu ladabi. Babu wanda ya taka.

A mako na uku na damina, ranar Talata da hantsi, bangon ya faɗi da alkukinsa duka. Babu ko ɗigon siminti a jikinsa.