Abin da Rigar Kawu Ta Ɓoye

Jiya wata mota ta tafasa a ƙofar gidana, warin tsatsa da ruwan zafi ya komar da ni shekarar samun 'yancin kai.

Ina sabon direba a lokacin, ina jan tsohuwar motar kawuna tsakanin Tambuwal da Kebbe. Kullum sai ta yi zafi. Mun canza fambel, mun canza tiyo, a banza. Kawu ne ya gano ƙaiƙayin gero ke toshe lagireto, tankin da ke sanyaya ruwan inji. Da gashin kaza yake share shi, yana cewa, "Bari ta sha iska tukuna."

Ran nan kusa da Fakku ta tafasa, ban jira ba, na murɗe murfin lagireton. Ya bangaje ni, ruwan ya sauka a kansa. Na rikice.

"Ba abin da yas same ni," in ji shi. "Tada mota."

Sai bayan shekaru, a wurin wankan gawarsa na gani. Daga kafaɗa har ƙirji fatar ta ƙone ta tattare. Ashe shi ya sa bai ƙara tuɓe riga a gabana ba, ko a gona.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, kada wuta ta sake taɓa wannan kafaɗa.