Itacen Inna Hassu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gandun daji, ranar da muka kama Inna Hassu ita ce ta ƙi fita raina. Ku da kuka shigo aikin yanzu, bari in faɗa muku yadda aka yi.

A farkon shekarun casa'in ina ƙaramin ma'aikaci a Illela ta jihar Tawa, ƙarƙashin shef ɗinmu, wato shugabanmu, wani mutum mai son tsari da ake kira Mushe Abdu. Aikinmu shi ne tsare itatuwa. Wanda zai sari itace sai ya zo buro, wato ofishinmu, ya karɓi takardar izini, kuma busasshe kawai zai sara. Wanda muka samu da ɗanye, mu ƙwace gatarin, mu ɗebe itacen, a ci shi tara.

A lokacin ne wani furoje, wato shirin masu ba da tallafi, ya kawo resho mai aiki da kananzir. An tara mu a Tawa, aka ce daji na ƙarewa, hamada na matsowa, damina na gajarta. Maganin, in ji su, mata su bar itace su koma kananzir, tunda ga Najeriya kusa, mai kamar ruwa, araha a kowace kwalba ta bakin hanya a Konni. Ni aka ɗora wa garin Badagishiri.

Inna Hassu mai tuwo ce a bakin kasuwa, dattijuwa mai faɗa a ji cikin mata. Na yi ta zarya wurinta kafin ta yarda. Da ta yarda kuwa, ta yarda gaba ɗaya. Ta sayi manyan resho, ta sallami masu kawo mata busasshen itace daga wajen Tajaye, ta riƙa shiga gida-gida tana cewa, "Ku ji maganar yaron ga, ba ya ƙarya." Idonta ya huta da hayaƙi. Mu kuma muka samu yabo daga sama.

Sai aka shiga ƙarancin mai a Najeriya. Kwalaben bakin hanya suka bushe. Wanda ke da jarka ɗaya ya ɓoye ta. Masu itacen Tajaye kuwa tuni sun sayar da jakunansu sun tafi ci-rani.

Ranar kasuwar Badagishiri muka fita sintiri da safe, ni da Mushe Abdu da direba. A gefen kwari akwai layukan dogon yaro da muka dasa don tare iska, waɗanda baƙin furoje za su zo dubawa a makon. Tun daga nesa muka ji sara. Da muka matsa, sai ga Inna Hassu, ta ɗaure zane a ƙugu, gumi ya jiƙa mata riga, rassa ɗanyu a tare gabanta. Ba ta gudu ba. Ta dogara gatarin a ƙasa ta tsaya tana numfashi.

Mushe Abdu ya ce, "Salifu, karɓo gatarin."

Na ce masa a hankali, "Shef, wannan ita ce ta ja mana matan garin nan."

Ya ce, "Na san ta. In muka bar ta yau, gobe babu itace ko ɗaya a layin nan. Me zan nuna wa baƙi?"

Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce, "Ɗana, ina kananzir ɗin naka?"

Na ce, "Inna, abin daga can ne, ba a hannunmu yake ba."

Ta ce, "To da kaka yi mini wa'azi, mi ya hana ka ce ba hannunku yake ba? Jikokina na gida, baƙin kasuwa na tahe. In dafa da mi?"

Ta miƙo mini gatarin da kanta, ta ƙota, yadda ake miƙa wa yaro don kada ya yanke. Muka loda rassan a mota. Mushe Abdu ya yafe tarar, iyakar abin da zai iya ke nan, amma itacen ya kwana a harabar buro har ya bushe, ba wanda ya amfana da shi. Ranar rumfarta ba ta buɗe ba. Kafin kaka ta rufe ta gaba ɗaya, ta koma wurin ɗiyarta a Konni. Ban sake ganinta ba.

Ba a daɗe ba aka sake kiran mu Tawa. Wani sabon masani ya ce man fetur abu ne mai ƙarewa, kuma na ƙasar wasu ne, don haka yanzu gawayin ƙasa da ake haƙowa a arewa za mu tallata. Na ɗaga hannu na ce, "Shi ma ai haƙo shi ake, kuma mota ke kawo shi. Ranar da motar ba ta zo ba fa?" Ya ce tambaya ce mai kyau, za a duba. Aka ci gaba da taro. Mako na zagayowa ina Badagishiri da buhun gawayi a bayan babur. Matan da suka zo ba su cika tabarma ba, su ma don kunya suka zo.

Na yi ritaya ina wannan jigila. Masu tsara abin ba mugaye ba ne, dajin ma da gaske yana ƙarewa. Amma su in dabara ta ƙi, sai su sake taro. Mai tukunya kuwa ba ta da taro, da maraice dole ta hura wuta. Kuma ba sunan furoje take riƙewa ba, fuskarka take riƙewa. Don haka in an ba ku saƙo ku kai ƙauye, ku tambaya tun a buro wa ke riƙe da abin, kuma in ya yanke mutane su yi yaya. In ba a ba ku amsa ba, ku je ku faɗa wa mutanen haka nan: an aiko ni, amma wannan ban sani ba.