Farantin naman Baba Zainal

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, labari ya iso mana nan Katanning cewa Allah Ya karɓi ran Baba Zainal Mokta, jami'in da ke bin kulob-kulob da shagunan giya yana duba ko suna bin ƙa'idar lasisi. Ciwon zuciya ne, kwana biyu kacal.

Baba, ka sha cewa ranar da na yi hankali za ka yanka rago. Ka tafi da ragonka.

Ranar da muka fara haɗuwa, wata Juma'a ce da yamma, ina tsaron ƙofar kulob ɗinmu. Ka shigo da tsohuwar hula kamar manomin alkama, wai kada a gane ka. To wane manomi ne zai riƙe lemo ɗaya awa guda yana karanta takardun bango? Nan take na gane kai ne jami'in da muke jin labarinsa. Don ka saje da jama'a ka sayi tikitin ƙuri'ar farantin nama da ake ja duk Juma'a. Ni ke jan ƙuri'ar, kuma na leƙa lambarka. Na kira ta a lasifika, na haɗa da cikakken sunanka da aikinka. Ka taso ana tafi, na ɗora maka farantin a hannu: naman alade ne tsantsa, kai kuwa ga tabon sallah a goshi.

Ba ka yi fushi ba. Ka miƙa wa wata tsohuwa farantin, ka juyo ka ce, "Ɗana, tunda ka san aikina, kawo takardarka in gani."

Babu ita. Wato shaidar horon nan da ake nema ga ma'aikata, ta sanin wanda ya bugu da yaron da shekarunsa ba su kai a sayar masa da giya ba. Karatuna na allo ne, shekara biyu ina zille wa jarrabawar. Manajarmu Noelene ta yi tsuru-tsuru, don ga tara, ga tabo a lasisi, ni kuma kora ce ba makawa, alhali da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata. Ka rubuta laifin, ba ka rage ko harafi ba. Sannan ka ba mu mako biyu in samo takardar.

Abin da ba ya cikin rahotonka shi ne Asabar da Lahadi da ka riƙa tuƙo mota tun daga Albany, mu zauna a barandar masallaci bayan la'asar. Kana biya min doka ina maimaitawa, har da rangaji. Ka ce wanda ya haddace izu talatin ba zai gagari shafi ashirin ba. In na yi tuntuɓe ka ce, "Koma baya, mai alade." Na ci jarrabawar, sunan kuma ya bi ni har yau.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa kabarinka ya yalwata, Ya sauƙaƙa maka naka binciken kamar yadda ka sauƙaƙa mana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Sofiah da 'ya'yanka, Hanim da Ridwan. Allah Ya ba ku haƙuri.

Juma'ar da ta wuce ba a ja ƙuri'a ba. Kowa ya yarda a kai farantin gidanka. Na rago ne, Baba, yankan Musulmi. Na duba takardarsa da kaina.